Silin shago: kayan da ke rataye bisa kanmu da dukiyarmu

Duk wanda ya san kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai shekaru ashirin da suka wuce, idan ya zaga su a yau zai ga yadda shaguna suka sake kama. Rumfar zana da ta kwano suna nan ba su ɓace ba, to amma a gefensu an samu jerin butik-butik na siminti, da farmasi, da kantunan atamfa da leshi, da wuraren sayar da salula, da gidajen abinci, da wuraren kitso da ɗinki. Kusan kowanne daga cikinsu idan ka shiga ka ɗaga kai ba za ka ga kwano ba, sai farin silin, wanda ma'aikatanmu ke kira plafon da bakin Faransanci. Dalilin yinsa kuwa a fili yake. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, zama ƙarƙashin kwano tsirara azaba ne ga mai shago da mai saye, kuma yana ɓata magani da turare da kayan ci. Silin yana rage zafi, yana tare ƙura, yana ɓoye wayoyi, yana kuma ƙara wa shago kwarjini.

Sai dai akwai abin da yawancinmu ba mu cika tunawa da shi ba. Silin ba ya tsaye da ƙafarsa kamar bango, rataye yake. Abin da ke riƙe da shi yana can sama cikin duhu inda ido ba ya kaiwa, kuma a can ne ɓarna ke farawa. Ranar da ya rubzo sai mu ce tsautsayi ne, alhali kuwa ya yi watanni ko shekaru yana ba da alama ba wanda ya kula. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata a kan abin da ke kayar da silin, da yadda za mu gane shi tun da wuri, da kuma wanda gyara ya rataya a wuyansa idan shagon na haya ne.

Yadda ake rataye shi da nauyin da ke gare shi

Kowane silin na rataye yana da gaɓoɓi huɗu. Akwai rufin asali, wato katako ko ƙarfen da ke ɗauke da kwano, ko kuma dal, rufin kankare ke nan na gidan bene. Akwai ƙusar da ake kafawa a jikin wannan rufi. Akwai waya ko sandar ƙarfe ko ɗan katakon da ke saukowa daga ƙusar. Sannan akwai ragar katako ko ta ƙarfe da ake manna fale-falen a jikinta. Gaɓa ɗaya ce kawai muke gani daga ƙasa, wato fale-falen, ita ce kuma muke zaɓe da yayi muna ciniki a kanta. Sauran ukun, waɗanda su ne ke ɗauke da nauyin, sai mu bar wa ma'aikaci ya yi yadda ya ga dama.

Fale-falen da aka fi amfani da su a wajenmu iri-iri ne. Akwai na siririn katako da kafintoci ke bugawa, akwai na roba da ake kira PVC, akwai ƴan murabba'ai masu santimita 60 kowane gefe da ake jerawa cikin ragar ƙarfe kamar yadda muke gani a bankuna da ofisoshi, akwai allon filasta da ake shigowa da shi daga waje, sannan akwai staf, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira POP, da ake zubawa da hodar filasta da zare mai kama da na rama, a yi masa zane da ado.

To bari mu auna nauyin da ma'aunin kasuwa. Allon filasta mai kaurin milimita 13, kowane faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana kai kilo 9 ko kusa da haka. Shago mai mita 4 a faɗi da mita 5 a tsawo yana cin irin wannan gida 20, kilo 180 ke nan, idan aka haɗa da raga da fitilu sai ya haura kilo 200. Wannan shi ne nauyin buhun gero biyu manya, ko buhun siminti huɗu. Staf mai kauri da ado yakan fi haka nauyi. Ba wanda zai yarda a rataye masa buhun gero biyu da siririyar waya bisa kujerar da yake wuni a kai, amma abin da muke zaune ƙarƙashinsa ke nan kullum, mu da yaran shago da masu saye da ƴaƴan da mata ke kwantarwa a gefen kaya.

Wani abu kuma shi ne, silin ba ya faɗuwa da ɗaiɗai. Kamar mutum huɗu ne da suka ɗauki buhu, idan ɗaya ya saki, nauyinsa ya koma kan ukun, idan na biyu ya gaza, sauran ba su da zaɓi sai su saki. Waya ɗaya idan ta tsinke, na kusa da ita ne ke karɓar kayanta, su ma in sun riga sun yi rauni sai su bi ta, cikin ƙiftawar ido rabin ɗaki ya zube.

Ruwa shi ne babban abokin gaba

A cikin abubuwan da ke kayar da silin a ƙasarmu babu kamar ruwa. Mutum zai ce ai Nijar ƙasar fari ce, ruwan da ke sauka a shekara bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne ba shi da yawa, amma cikin wata uku ko huɗu yake zuwa, kuma sau da yawa da ƙarfi cikin sa'o'i kaɗan, da iska a gabansa. Daminar 2024 ta nuna mana haka, domin kuwa fiye da mutum 300 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasa, abin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba na wannan shekara.

Lissafin ruwa ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya da mita ɗaya lita ɗaya ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 bisa rufin wancan shago namu mai gida 20, lita 1000 ne suka sauka a kansa, wato tano biyar masu cin lita 200. Idan ɗan kaɗan daga ciki ya samu kafa ya kwanta bisa silin da zurfin santimita ɗaya kacal, kowane gida ya ƙaru da kilo 10, nauyin tiya huɗu na gero ke nan. Nauyin ya ninka, a daidai lokacin da ƙarfin ya ragu, domin filasta idan ta sha ruwa laushi take yi, kan ƙusa ya huda ta ya fita, siririn katako kuwa ya kumbura ya ɓare.

Ta ina ruwan ke shiga? Mafi yawa ta ramin ƙusar kwano, inda robar da ke toshe shi ta ƙone da rana ta tsattsage. Sai ta mahaɗar kwano biyu idan ba a ɗora su da kyau ba, ko rufin bai da gangara sosai. Sai kuma wata hanya da ta zama ruwan dare a sababbin gine-ginenmu: ana ɗaga bango ya zarce kwano don kyan gani da tare iska, a bar kwata da indararo a bayansa. Duk rani iska na tara rairayi da leda da ganye a wannan kwata, ruwan fari na zuwa ya tarar da hanya a toshe, sai ya taru ya koma ƙarƙashin kwano ya zuba cikin silin.

Ba ruwan sama kaɗai ba ne. A gidan bene, bututun banɗakin sama da na famfo sukan bi ta cikin silin na shagon ƙasa, ɗigo ɗaya-ɗaya dare da rana ya ishe shi. Tankin ruwa da ake ɗorawa bisa rufi idan yana ambaliya haka ne. Na'urar sanyaya ɗaki ma tana fitar da ruwa, bututunta mai sanyi kuma yana yin gumi idan ba a naɗe shi ba, wannan gumi yana sauka a wuri ɗaya har ya rubar da shi.

Tsatsa, gara da zafi

Inda ruwa ya bi, tsatsa na biye. Yawancin ma'aikata suna rataye silin da baƙar wayar da ake ɗaure rodi da ita, saboda ita ce mai araha kuma tana ko'ina. Wannan waya ba a yi ta don ɗaukar kaya shekara da shekaru ba, danshi kaɗan ke cinye ta. Filasta ma da kanta tana cin baƙin ƙarfe idan suka haɗu da danshi, shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce duk waya da ƙusar da za ta taɓa filasta ta zama mai rufin tutiya, wadda ake kira galba. Masu sayar da takin zamani, da gishiri, da ruwan jabel, da ruwan batir, su ƙara kula, domin tururin waɗannan kaya yana gaggauta tsatsa ko da rufi ba ya yoyo.

Inda aka yi raga da katako kuwa, gara ce ke jira. Takan hau ta cikin bango ko ta tsagar filasta, ta cinye cikin katako ta bar bayansa lafiya lau, sai ranar da aka taɓa shi ya marmashe a hannu. Ɗanyen katako da ba a bari ya bushe ba shi ma matsala ne, domin zafin da ke tsakanin kwano da silin ya fi na waje nesa ba kusa ba, katakon yana bushewa ya murɗe ya tsage, ƙusa ta yi sako-sako. Silin roba ba ya tsoron ruwa, amma wannan zafi yana sa shi ya saki ya yi ciki idan an yi rowar katakon da ke riƙe da shi. Yana da wani aibi kuma, yakan ɓoye ruwa a bayansa ba tare da ya nuna tabo ba, katakon sama na ruɓewa mai shago bai sani ba.

A ƙara da ƙurar hunturu da ke taruwa shekara bayan shekara, da kashin jemagu da na tantabaru idan sun samu kafar shiga, da ɓeraye masu cin zare da rigar waya. Iskar hadari ma idan ta samu ƙofa ta shiga tsakanin kwano da silin takan ɗaga fale-fale ta sake su, ta girgiza ƙusoshi.

Kayan da mu da kanmu muke ɗora masa

Nan kuma laifin ba na magini ba ne, namu ne. An yi silin don ya ɗauki kansa kawai, amma shago ƙarami ne kaya kuma da yawa, sai mu mai da shi maratayi. Mai sayar da riguna ya huda ya sa ƙugiya ya jera kaya, mai jakunkuna da takalma haka, mai bokitai da tukwane haka. Wani ya cire fale ɗaya ya tura kwalaye da tabarmi sama ya mai da wurin ma'aji. Lokacin kasuwar salla, da kaya suka fi yawa, a lokacin ne kuma shago ya fi cika da mutane.

Fanka ta fi kowanne haɗari, domin ban da nauyinta tana girgiza duk wuni, girgizar nan tana kwance ƙusa sannu a hankali. Fanka da babbar fitila da allon talla, kowanne sai an rataye shi kai tsaye a jikin dal ko a ƙarfen rufi da maratayinsa na kansa, silin ya zama an huda shi ne kawai don sandar ta wuce. Haka nan mai gyaran wuta ko mai sa na'urar sanyi, idan waya ta tare masa hanya yakan yanke ta ya ce ɗaya ce ba komai, wani ma ya taka ragar da ƙafa. Duk wanda ya hau sama ya yi aiki, a leƙa bayansa kafin a biya shi.

Aikin araha

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A aikin silin araha tana ɓuya ne a inda mai shago ba ya gani. Masu ƙera kayan, da ƙa'idojin gini na Faransa da ake kira DTU, sun tsara tazarar da ta kamata: ga allon filasta, tsakanin sandar raga da ƴar uwarta kada ya wuce santimita 60, tsakanin maratayi da maratayi kuma kada ya wuce mita 1 da santimita 20. Ma'aikacin da aka matse wa kuɗi ba zai rage fenti ko ado ba tunda za a gani, sai ya faɗaɗa tazara, inda ake bukatar maratayi talatin ya sa goma sha biyar. A jikin dal kuma, maimakon ya huda ya sa ƙusar ƙarfe mai buɗewa a cikin kankare, sai ya buga ƙusar siminti, ko ya cusa guntun icce a ramin ya buga ƙusa a ciki. Irin wannan yana riƙe abu a bango, amma a sama inda nauyi ke jan sa ƙasa kai tsaye zamewa yake yi. Wani kuma ya ɗaure wayar a jikin bututun ruwa ko na lantarki don ya huta da huda.

Darasi daga ƙasashen da suka fi mu kayan aiki

Kada mu ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai. Ta faru a ƙasashe masu injiniyoyi da dokoki, kuma binciken da suka yi yana da amfani gare mu, domin kowane lokaci a gaɓar da ba a gani ne aka samu ɓarnar.

A watan Disamba na 2013, a birnin Landan na Ingila, silin gidan wasan kwaikwayo na Apollo ya rubzo kan ƴan kallo ana tsakiyar wasa, fiye da mutum 70 suka ji rauni. Silin na filasta da zare ne, ɗan uwan staf ɗinmu, an kuma rataye shi da igiyoyin algarara da aka tsoma cikin filasta tun lokacin da aka gina gidan a 1901. Binciken hukuma ya nuna igiyoyin ne suka ruɓe da tsufa. Daga ƙasa kuwa ado ne kawai ake gani.

A watan Mayu na 1985, a garin Usta na ƙasar Suwizalan, silin kankare na wani wurin ninkaya ya faɗo ya kashe mutum 12. Sandunan da ke riƙe da shi na ƙarfe ne mai tsada wanda ake cewa ba ya tsatsa, amma tururin sinadarin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, dangin jabel, ya yi ta cin su har suka tsage.

A watan Yuli na 2006, a birnin Boston na Amurka, fale-falen kankare na silin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa sun faɗo kan wata mota, mace ɗaya ta rasu. An kafa ƙusoshin ne da wani irin gam wanda ba ya jure ja na tsawon lokaci, suka yi ta zamewa kaɗan-kaɗan. Tun 1999 an ga wasu sun fara fitowa, aka gyara waɗanda aka gani, ba a bi diddigin dalilin ba.

Idan wannan ya faru inda ake da masu duba gini da takardu, mu da shagonmu ba mai zuwa dubawa sai mun zama masu duba wa kanmu.

Gobara a ɓoye

Sararin da ke tsakanin kwano da silin nan ne wayoyin lantarki ke bi, sau da yawa an haɗa su da hannu an naɗe da leda, ga zafi, ga ƙura, ga busasshen katako, ga ɓera. Idan wuta ta tashi a nan ba a ganinta sai ta yi ƙarfi. A jerin shagunan da bangon tsakaninsu ya tsaya iyakar silin bai kai ga kwano ba, sararin ɗaya ne tun daga shagon farko har na ƙarshe, wuta da hayaƙi suna bi ta nan su gama layi. Silin roba idan ya kama narkewa yake yi yana ɗiga bisa kaya, hayaƙinsa kuma guba ne. Ƴan kasuwar Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 1982 da ta ƙaramar kasuwa ta 2012 ba, sun san abin da wuta ke yi wa dukiyar shekaru cikin dare ɗaya. Don haka waya ta bi cikin bututunta, mahaɗa ta zama cikin akwati, bangon tsakani kuma a kai shi har ƙarƙashin kwano. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Alamun da silin ke bayarwa

Ruwa ba ya tsami banza. Tabo mai launin ƙasa ko rawaya, ko fenti da ke kumbura yana ɓarewa, yana nufin ruwa na sama. Ɗigon tsatsa a kan ƙusa, ko kan ƙusa da ya nutse cikin allo, yana nufin riƙon ya fara saki. Tsaga da ke ƙara tsawo, ko rata da ta buɗe tsakanin silin da bango, ko wuri da ya yi ciki kamar ƙwarya, duk gargaɗi ne. Haka garin katako ko na filasta da ake tararwa bisa kaya da safe, da hanyar gara a bango, da warin ruma, da ƙarar ƙas-ƙas idan iska ta taso.

Wanda ya ga silin ya yi ciki ko yana ƙara, kada ya tsaya kwashe kaya tukuna. A fara fitar da mutane, a kashe wuta daga kan mita, sannan a kira ma'aikaci ya tokare shi ya zubar da ruwan da ya taru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa fenti bisa tabo a ce an gyara. Allon da ya sha ruwa ya yi laushi ba ya komawa yadda yake, sai an canza shi, kuma canza shi aikin banza ne idan ba a toshe inda ruwan ke shigowa ba. A fara da rufi, sannan silin.

Masu tsofaffin shaguna su lura da wani abu. Wasu tsofaffin fale-falen siminti masu ruwan toka suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru, har Faransa ta hana amfani da shi tun 1997. Idan za a cire irinsu kada a fasa ko a yanka su a bushe, a jiƙa su, a cire su ɗungum, ma'aikaci ya rufe hanci da baki.

Kafin a biya kuɗin aiki

Tun ran gini ran zane. Mai sa a yi masa sabon silin ya tabbata an gama rufi an gwada shi da ruwa, an gama aikin waya da na famfo. Ya tambayi ma'aikaci irin wayar da zai sa, da yawan maratayi, da inda zai kafa su, a rubuta cikin takardar ciniki. Katako ya zama busasshe an shafa masa maganin gara. Kada a rufe fale ko ɗaya sai mai shago ya zo da kansa ya ga ragar tsirara ya ƙirga, domin wannan ce kaɗai ranar da zai gan ta a fili. A bar ƴan kafofin iska masu raga a bango don zafi da danshi su riƙa fita ba tare da jemage ya shiga ba. Sannan a bar ƙofar dubawa, wato fale ɗaya mai buɗewa wanda kai da kafaɗa za su shiga. Kuɗinta kaɗan ne, amma silin da ba shi da ita ba a sanin halin da yake ciki sai ya faɗo. Babban wuri kamar gidan abinci, ɗakin taro ko kanti mai faɗi, a nemi injiniya ya duba, kada a dogara da ido kawai.

Idan shagon na haya ne

Da yawanmu haya muke yi, kuma a nan ne gyara ke maƙalewa, mai gida ya ce kai ke ciki, ɗan haya ya ce ba gidana ba ne, damina ta zo ta same su suna ja-in-ja. Doka ta yi magana a kan wannan. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA masu dokar kasuwanci ɗaya, kuma dokar da ta shafi hayar wurin sana'a, wadda aka sabunta a 2010, ta ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gida da kuɗinsa, ta kuma ambaci rufi da manyan bangaye da ginshiƙan da ke ɗauke da rufi a cikinsu. Idan ya ƙi, ɗan haya yana iya zuwa kotu ta ba shi izini ya yi gyaran a kan kuɗin mai gida. Ƙananan gyare-gyare na yau da kullum kuwa na ɗan haya ne, haka ɓarnar da rashin kularsa ta jawo. Saboda haka yoyon kwano a sanar da mai gida tun ranar da aka gan shi, a rubuce ko gaban shaidu, a ɗauki hoto da salula. Wanda kuma ya rataya kaya ya karya silin da hannunsa, kada ya nemi wanda zai ɗora wa.

Sau biyu a shekara

Abin da muke roƙon ƴan uwa bai fi aikin sa'a ɗaya ba, sau biyu a shekara. A watan Mayu kafin ruwan fari, a hau a share kwata da indararo, a duba ƙusoshin kwano, a kashe wuta a buɗe ƙofar dubawa a haska tocila, a ga ko akwai hasken rana da ke shigowa ta kwano, ko waya mai tsatsa, ko gara. Ba a taka silin, daga bakin ƙofar ake leƙawa. A watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa a sake dubawa a ga abin da damina ta bari. Tunda rufin layi ɗaya ne kuma yoyon maƙwabci yana iya sauka a kan kayanka, shugabannin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata masu adashi za su iya sa rana ɗaya, a haɗa kuɗi a ɗauki ma'aikaci ɗaya ya bi layin gaba ɗaya. Kuɗin wannan bai kai na turmin atamfa ƙwaya ɗaya da ruwa zai ɓata ba, balle kuɗin asibiti, balle rai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kare mu da dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka.